Kwangilolin kotu: Ina rabon Sabon Birni da Isa, kuma wa ke duba lissafin?

Duk lokacin da aka yi maganar kwangila a Jihar Sakkwato, hankalin mutane kan tafi ne ga tituna da gadoji da taki da motocin da ake rabawa. Ba kasafai ake tuna cewa kotu ma tana sayayya ba. Bencin da mai ƙara ke zama a kai, kwanon da ke rufe da ɗakin shari'a, littafin da muhuti ke rubuta bayanin shaidu, kabad ɗin da ake ajiye takardun gado, man janareta, har babur ɗin da masinja ke hawa ya kai sammaci, duk wani ne ya kawo su, kuma da kuɗin jama'a aka biya shi.

A ganina wannan ɓangare na kashe kuɗin gwamnati shi ne wanda aka fi barin sa cikin duhu a Najeriya. Dalili kuwa mai sauƙi ne: kowa na shakkar alƙali. Ɗan jaridar da zai iya tsare kwamishinan ayyuka da tambayoyi, idan ya iso ƙofar babban magatakardan kotu sai ya sassauta murya. Ɗan majalisa ma haka, don bai san ranar da ƙarar zaɓensa za ta faɗa hannun wa ba.

Mutanen da wannan shiru ya fi cutarwa su ne na nesa da birni. A Sakkwato kuwa, babu na nesa kamar mutanen gabas, Sabon Birni da Isa da ƙauyukansu irin su Burkusuma, Gatawa, Gangara da Bafarawa.

Yadda kuɗin suka koma hannun kotu

Sashe na 121(3) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi cewa kuɗin da aka ware wa ɓangaren shari'a na jiha a miƙa su kai-tsaye ga shugabannin kotuna. Shekara da shekaru gwamnoni suka yi kunnen uwar shegu da wannan tanadi. Ƙungiyar ma'aikatan shari'a, JUSUN, ta kai ƙara Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta kuma yi nasara a Janairun 2014, amma ba a ga canji ba. A Mayun 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Umarnin Shugaban Ƙasa mai lamba 10 don tilasta wa jihohi. Ranar 6 ga Afrilun 2021 JUSUN ta rufe kotunan ƙasar nan baki ɗaya, aka shafe sama da wata biyu babu zama.

Ranar 11 ga Fabrairun 2022 Kotun Ƙoli ta soke umarnin na Buhari, ta ce ya wuce hurumin shugaban ƙasa. Amma a hukuncin nan akwai wani ɓangare da ba a cika ambata ba. Jihohi sun nemi Gwamnatin Tarayya ta ɗauki nauyin gine-gine da manyan ayyukan manyan kotunan jiha, har ma ta biya su abin da suka riga suka kashe. Kotun Ƙoli ta ƙi. Ma'ana, albashin manyan alƙalai yana fitowa ta hannun Majalisar Shari'a ta Ƙasa, NJC, amma gini da gyara da kayan aiki nauyin jiha ne. Kotunan majistare da ƙanana da manyan kotunan shari'ar Musulunci kuwa, waɗanda su ne talakan Burkusuma ya sani, dama can komai nasu a wuyan jiha yake.

Daga baya, a Maris na 2023, aka sake gyara kundin tsarin mulki don ƙarfafa 'yancin kuɗi na majalisun jihohi da ɓangaren shari'a.

Ina goyon bayan wannan 'yanci ɗari bisa ɗari. Alƙalin da sai ya je Gidan Gwamnati ya yi layi kafin a gyara masa rufin ofis, ko a ba shi mota, da wuya ya iya kallon gwamna ido cikin ido ranar da aka kawo ƙarar gwamnati gabansa. Mun ga irin ce-ce-ku-cen da ya biyo bayan matakin Ministan Abuja, Nyesom Wike, na gina wa alƙalai gidaje 40 a 2024. Lauyoyi da dama sun ce bai dace ɓangaren zartarwa ya riƙa yi wa alƙalai irin wannan hidima ba, kuma suna da hujja.

Sai dai idan kuɗi suka dawo hannun Babban Joji da Girandi Kadi, to alhakin bayar da kwangila ma ya dawo hannunsu da na magatakardansu. A nan ne gizo ke saƙa.

Idan kotu ta hana ka kuɗinka, ina za ka kai ƙara?

A ɗauki misalin kafinta a Isa da aka ba aikin benci 30 na wata kotu. Ya ci bashin katako, ya biya yara, ya kai kaya. Wata shida ba a biya shi ba. Da ma'aikatar ilimi ce ta riƙe masa kuɗi, sai ya tafi kotu. To yanzu da kotun ce, wa zai yi masa shari'a? Ko ya yi ƙarfin hali ya shigar da ƙara ya yi nasara, akwai tsohuwar dokar da ta ce sai an nemi izinin Antoni Janar kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati don biyan bashin hukunci. Kafinta nawa ne zai iya wannan doguwar tafiya?

Akwai kuma ɗaya gefen, wanda ya fi haɗari. Attajirin da ke da shari'ar fili a gaban kotu, kuma kamfaninsa ne ke kawo wa kotun dizal ko yake gyara gidajen alƙalai. Ko alƙalin nan waliyyi ne, abokin shari'ar attajirin ba zai taɓa yarda an yi masa adalci ba. Ma'aikatar lafiya za ta iya sayen gado daga kowa ba tare da ya shafi aikin likita ba. Kotu ba ta da wannan sararin, domin jarinta duka shi ne yardar jama'a.

Kada wani ya ce ai ɓangaren shari'a ya fi ƙarfin irin wannan zargi. A Yunin 2022 alƙalan Kotun Ƙoli 14 suka rubuta wa Alƙalin Alƙalan Najeriya na lokacin, Ibrahim Tanko Muhammad, takardar koke kan rashin dizal da wutar lantarki da motoci da gidaje da intanet, suna tambayar inda kuɗin ke tafiya. Kwanaki kaɗan bayan haka ya ajiye aiki, bisa dalilin rashin lafiya. Idan alƙalan kotu mafi girma a ƙasa sai sun rubuta wasiƙa kafin su san yadda ake kashe kasafin gidansu, ina ga alƙalin ƙaramar kotun shari'a a ƙauye? A Kano ma, a farkon 2023, an gurfanar da wasu ma'aikatan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci bisa zargin karkatar da kusan rabin biliyan na naira. Zargi ne, amma ya isa ya nuna cewa rawani da baƙar riga ba sa tsare asusu.

Abin da ya sa gabashin Sakkwato ya bambanta

Wanda bai san yankin ba zai ce wannan magana ta benci da kwano ƙarama ce a wurin da ake kashe mutane. Ni kuma na ce a wurin ne ta fi girma.

A ƙarshen Mayun 2020 an kashe sama da mutum 70 a ƙauyukan Sabon Birni a rana guda. A ƙarshen Satumban 2021 'yan bindiga suka afka wa sansanin jami'an tsaro da ke Burkusuma, suka kashe fiye da goma daga cikinsu. A watan ne kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar. A Disamban shekarar aka ƙone matafiya cikin mota a kusa da Gidan Bawa. A 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato, ya kuma rasu a hannun waɗanda suka sace shi cikin Agusta. Dubban mutane sun tsallaka Nijar, wasu suna Jihar Maraɗi har yau.

A cikin wannan hali rigingimun yau da kullum ba su tsaya ba. Sun ma ƙaru. Magidanci ya mutu a hari ya bar mata da 'ya'ya da gona, dole a raba gado. Wani ya jinginar da fadamarsa a bakin Gulbin Rima don haɗa kuɗin fansa, bayan shekara biyu ana gardama kan jingina ce ko sayarwa. Mace mijinta ya ɓace shekara uku, tana son sanin matsayin aurenta. Wanda ya yi gudun hijira ya dawo ya tarar wani na noma gonarsa. Duk waɗannan aikin alƙali ne, kuma aikin takarda ne.

A ƙarshen 2021 jaridu sun ruwaito cewa yaran Bello Turji sun naɗa nasu masu gari a Gangara da Makwaruwa. Mai bindiga ba haraji kaɗai yake karɓa ba, yana son a kawo masa ƙara, don ya san wanda ke raba gardama shi ne mai mulki. Duk ranar da talaka ya je kotu ya tarar da ita a kulle, ko ruwan sama ya jiƙa fayil ɗinsa, ko aka ce masa babu takardar rubuta sammaci sai ya sayo, an ƙara tura shi taki ɗaya zuwa ga wancan mai hukuncin na daji.

Abin takaici, a wannan ƙasa ce Alkalawa take, babban birnin Gobir har zuwa faɗuwarsa a 1808. Masu tarihi na cewa sunan ya samo asali ne daga gonakin alƙalin Zamfara da Gobirawa suka sauka a kai. Ƙasar da sunan birninta ma na alƙali ne, bai kamata a ce ɗakin shari'arta na yoyo ba.

Yadda kwangila ke narkewa a hanya

Salon sananne ne a duk faɗin ƙasar nan, ba sai an kama sunan kowa ba. Ana ba wani kamfani mai ofis a birni aikin gyaran gini a ƙauye. Ya sa kuɗin haɗarin hanya a lissafi. Ya karɓi kuɗin kafin alƙalami, wanda a dokar tarayya aka ɗaga shi daga kashi 15 zuwa kashi 30 cikin ɗari a gyaran 2020. Shi bai taka ƙafarsa can ba, sai ya sayar da aikin ga wani, wancan ma ya nemo magini ɗan gari ya ba shi abin da ya rage. Injiniyan da zai duba aiki shi ma yana tsoron hanyar Goronyo zuwa Sabon Birni, balle ta dajin Gundumi zuwa Isa, sai ya sa hannu a kan hoton da aka turo masa ta WhatsApp.

A ƙarshe ɗan garin ne dai ya yi aikin. Shi ya kwaɓa siminti, shi ya hau rufi. Abin da bai samu ba shi ne kuɗin da sunan. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

To tunda shi ke yi, me zai hana a ba shi kai-tsaye?

Dokar Sayayya ta Tarayya ta 2007 ta tanadi hanyar ƙananan ayyuka: a nemi farashi daga aƙalla mutum uku da ba su da alaƙa da juna, a ba wanda ya fi sauƙi cikin waɗanda suka cika sharaɗi. Ta ce a buɗe takardun neman kwangila a bainar jama'a. Ta ce idan biya ya wuce kwana 60 ya zama jinkiri, kuma akwai ƙari a kai. Dokar tarayya ce, ba ta hau kan kuɗin jiha kai-tsaye ba, amma jihohi sun yi nasu dokokin a kan irin wannan tsari, musamman bayan shirin SFTAS na Bankin Duniya da ya fara a 2018, wanda ya riƙa ba jihohi tallafi idan suka kafa dokar sayayya suka kuma wallafa kwangilolin da suka bayar a intanet. Sakkwato na da ofishinta na tantance kwangiloli. 'Yancin kuɗi bai cire kotu daga ƙarƙashin doka ba. Kamata ya yi ma ta zama ita ce ke gaba wajen bin ta.

Wani zai ce ai raba kwangila gunduwa-gunduwa laifi ne. Haka ne, idan an yi shi a ɓoye don a kauce wa tallata aiki, kuma a dokar tarayya hukuncinsa ɗauri ne na shekaru. Amma a fito fili tun farko a ce gyaran kotunan Isa rukuni ɗaya ne, na Sabon Birni rukuni ɗaya, benci daban, sola daban, kowa ya nema, wannan ba laifi ba ne. Ita ce hanyar da ake bi a ko'ina idan ana son ƙananan 'yan kasuwa su shiga.

Sannan talla. Sanarwar da aka buga da Turanci a shafi na 30 na jaridar Legas ko Abuja, ba don mai walda na Sabon Birni aka yi ta ba. A liƙa ta da Hausa a ƙofar kotun da za a gyara da sakatariyar ƙaramar hukuma, a karanta ta a Rediyon Rima. Kuɗin wannan bai kai na tayar mota ɗaya ba.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a littafinsa Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Umarun Dallaje, ya sa kula da masu sana'a da gyaran kasuwanni da hanyoyi cikin wajiban shugaba. Ba sabon tunani ba ne daga Bankin Duniya.

Inda hujjata ke da rauni

Ba zan ɓoye ba, ba wa ɗan gari aiki na da nasa haɗarin. "Ɗan gari" kan iya zama yaron ɗan siyasar gari, a canza mai ci kawai ba a canza cin ba. Kuma a yankin da 'yan bindiga ke ɗora wa ƙauyuka haraji, duk wanda aka ji ya karɓi kuɗin gwamnati ya zama abin farauta. Wallafa suna da adadin kuɗi a ƙofar kotu a irin wannan wuri na iya zama tallata mutum ga masu garkuwa.

Wannan damuwa ce ta gaske, kuma tana da magani. A wallafa sunan kamfani da aikin da kuɗin a shafin intanet na ɓangaren shari'a bayan an kammala aiki, a biya ta banki kashi-kashi, kada a ba kowa tsabar kuɗi. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a mai da tsaro bargon rufe komai. Doka ta yarda a yi sayayyar gaggawa ba tare da doguwar gasa ba idan akwai bala'i, amma ta ce a rubuta dalili a ajiye. Gaggawar da ta shekara biyar tana gudana ta zama al'ada, kuma al'adar da babu mai dubawa ita ce ɓarawo ya fi so.

Wajen duba aiki kuwa, idan injiniyan birni ba zai iya zuwa ba, akwai waɗanda ke wurin kullum: alƙalin kotun da rajistaransa, wakilin hakimi, da lauya ɗaya daga reshen ƙungiyar lauyoyi ta NBA a Sakkwato idan ya samu hali. Kada a biya kashin ƙarshe sai wanda zai zauna a ƙarƙashin rufin ya sa hannu cewa ba ya yoyo.

Me ya kamata a fara saya?

Da ni za a tambaya, takardu ne farko. Littattafan shari'a na gado da filaye da aure da ke kotunan gabas, idan wuta ko ruwa ko hari ya ci su, babu kwangilar da za ta dawo da su. A ɗauki hotonsu shafi-shafi a ajiye kwafi a Sakkwato. Aikin da matasa masu difloma daga yankin za su iya yi ne da na'ura mai sauƙin kuɗi. Bayan haka rufi da ƙofa da kabad na ƙarfe, sai sola maimakon janareta, tunda kowa ya san inda farashin mai ya kai tun bayan cire tallafi a Mayun 2023.

Zaman kotu ta bidiyo ma na da amfani, musamman ga shaidan da ke gudun hijira ko fursunan da kawo shi daga Sakkwato haɗari ne. Tun a Yulin 2020 Kotun Ƙoli ta nuna cewa irin wannan zama bai saɓa wa tsarin mulki ba. Amma a yi hattara. Babu kwangilar da ta fi sauƙin kumbura farashi kamar ta kwamfuta, kuma yankin da aka taɓa katse wa layin waya na watanni bai kamata a jingina shari'arsa duka a kan intanet ba. Kwamfuta goma a ɗakin da babu wuta, ado ne kawai.

Ga masu sana'a na Isa da Sabon Birni, ku ma akwai naku aikin. Ba a ba mutum kwangilar gwamnati da sunan "Malam wane mai walda". A yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC, wadda yanzu ake yi ta waya, kuma dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum ɗaya ya kafa kamfani. A samu lambar haraji da takardar shaidar biyansa, a buɗe asusun banki da sunan kasuwancin, a yi rajistar ɗan kwangila da jiha. Wanda bai da ƙarfi shi kaɗai, su haɗu biyar su yi ƙungiyar gama kai. A tuna akwai harajin VAT na kashi 7.5 da wanda ake cirewa tun daga tushe, a sa su cikin lissafi kafin a faɗi farashi. Kuma don Allah kada a ci bashin kaya a kan alƙawarin baki, komai girman rawanin wanda ya yi shi. Sai an ga takardar ba da aiki mai sa hannu da hatimi.

Masu ikon tambaya suna nan. Sashe na 125 na tsarin mulki ya ce Odita Janar na jiha ya binciki asusun dukkan ofisoshi da kotunan jiha, ya miƙa rahoto ga majalisar dokoki. Sabon Birni na da kujeru biyu a majalisar, Isa na da ɗaya. Idan aka zo kare kasafin kuɗi, cikinsu wani ya tashi ya tambaya: nawa aka ware wa gyaran kotunan mazaɓata bara, nawa aka saki, wa aka ba, an gama?

Mu ma 'yan jarida ba mu da sauran uzuri. A Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a wata ƙara da ta taso daga Jihar Edo, cewa Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta hau kan jihohi. Dokar ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa. Takarda ɗaya ce za a rubuta wa babban magatakardan Babbar Kotu, ɗaya kuma ga na Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, a nemi jerin kwangilolin da aka bayar a Isa da Sabon Birni daga 2023 zuwa yau, da sunayen kamfanonin da adadin kuɗin. Hukuncin nasu ne, daga gidansu ya fito.